Azarar da Anaruwa Ya Ɓoye

Tun kafin a san wani gari wai shi Rugumi, wurin kurmin giginya ne, tafiyar yini biyu daga bakin kogi zuwa gindin duwatsu. Giwaye ke kiwo a cikinsa, da ɓauna da gwanki. Matafiya kan kauce masa, domin sun ce da rana tsaka ana jin motsi a ciki alhali ko iska ba ta kaɗawa. Mutumin da ya fara kafa bukka a can wani maharbi ne, Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama. Yunwa ce ta koro shi daga arewa, shi da yayarsa Tarana. Ba su da kowa sai junansu. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har ya yi furfura Auta take kiransa.

Anaruwa yana da wata dabara ta farauta da ba a san wani da ita ba. Sai ya sami itatuwa biyu da hanyar giwaye ta ratsa tsakaninsu, ya hau ɗaya ya ɗaura sanda tana leƙo waje, ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya kuma ɗora wata. Haka zai yi a ɗaya itacen, har sandunan su haɗu a sama bisa hanyar, babu abin da ya tokare su daga ƙasa. A nan yake kwanciya da bakansa. Shi ya sa maharba ke yi masa kirari, suna cewa, "Anaruwa ƙanen Tarana, mai ɗaki a kan iska, giwa ta wuce ba ta gan ka ba!"

Ita kuwa Tarana giginya ta sani, sanin da uwa ke yi wa 'ya'yanta. Ta san namiji, wanda ba ya 'ya'ya, jikinsa baƙi ne mai nauyi, gara ba ta iya masa. Ta san mace, mai zubo da 'ya'ya jajaye masu ƙanshi, wadda cikinta fari ne mai taushi. Takan binne ƙwallayen ta tono muruci, kuma da murucin nan ta rayar da duk wanda yunwa ta jefo kurmin. Doka ɗaya ta kafa wa masu zuwa: namiji a sara a yi gini, mace kuwa gatari ba ya taɓa ta. Da haka bukka ɗaya ta zama goma, goma ta zama ƙauye.

Bayan shekaru sai Sarki Ilyasu ya iso da jama'arsa, ya ja ganuwa, ƙauye ya zama birni. Tare da shi akwai malaminsa, Malam Sambo Bawangare, wanda ya yi aikin Hajji a ƙafa ya dawo. Aka gina masallaci, aka gina fada kusa da shi. Fadar farko ta ciyawa ce, gobara ta cinye ta. Ta biyu aka yi ta da tubali, aka rufe da azara, wato tsagin namijin giginya. To amma azara ba ta da tsawo, in ta wuce kamu huɗu ko biyar sai ta lanƙwashe. Saboda haka duk soron da aka so ya yi faɗi, dole a tsayar masa da ƙaton ginshiƙi a tsakiya.

Ginshiƙin nan ne ya jawo komai. Wata rana wata mata ta kawo ƙarar wani attajiri da ya cinye mata gona. Mai shaidarta ya tashi zai yi magana, sai attajirin ya koma bayan ginshiƙi inda Sarki ba ya ganinsa, ya zare masa ido, ya ja ɗan yatsa a maƙogwaro. Mai shaida ya juya magana, matar ta fita tana kuka. Da gaskiya ta fito daga baya, Sarki Ilyasu ya yi kwana uku bai zauna fada ba. A na huɗu ya tara magina ya ce, "Ina son soron shari'a da babu inda mutum zai ɓoye a cikinsa. In ga kowa, kowa ya gan ni. Ba na son ginshiƙi."

Magina suka sunkuyar da kai. Malam Sambo ya ce ya ga irin wannan a ƙasashen gabas, manyan ɗakuna masu rufi kamar an kife ƙwarya, amma da dutse da ƙonannen tubali aka yi su, mu kuwa laka muke da ita. Anaruwa yana zaune a gefe, ya riga ya tsufa, ya ajiye baka. Sai ya yi dariya. Sarki ya tambaye shi abin dariya.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "na shekara talatin ina kwanciya a inda babu ginshiƙi."

Aka ba shi magina, aka fara aiki bayan kaka. Ya sa aka yi bango mai kauri, mutum biyu na iya tafiya a kansa kafaɗa da kafaɗa. Daga jikin bangon ya kafa azara tana leƙowa ciki, ya ɗaure da igiya, aka lulluɓe da laka, aka jira ta bushe. Sannan ya ɗora wata a kai, ta ƙara leƙowa. Magina da suka fara da yi masa dariya a ɓoye, suna cewa maharbi zai ɗana wa Sarki tarko, sai ga su suna kallon bakuna shida suna tasowa daga bango, suna rusuno wa juna kamar masu gaisuwa. Wannan shi ne bakan gizo, kuma magina na Rugumi sun ce a nan aka fara shi. Na san wasu garuruwan ma haka suke cewa game da nasu. Ban zo gardama ba, abin da kakana ya gaya mini nake faɗa, shi kuwa magini ne ɗan magini.

Aikin yana da jira. Laka ba ta san Sarki ba, sai ta ga dama take bushewa. Rani ya wuce, bazara ta shigo, gajimare ya fara taruwa a gabas, kuma saura tsakiyar rufin ba a haɗe ba. A nan azara ta ƙare. Masallaci da ƙofofin ganuwa da gidajen manya sun cinye mazan giginyar da ke kusa, waɗanda suka rage suna ƙetaren kogi, zuwa da sara da dawowa kwana goma sha biyu. Anaruwa ya dubi sama. Wanda aka haifa cikin ruwa ya san ƙanshinsa, ya san ba zai kai kwana goma sha biyu ba. In ruwa ya sauka a kan bakuna a buɗe, aikin wata biyar zai narke ya koma taɓo.

Sai ya ɗauki gatarinsa shi kaɗai, ya tafi can ƙarshen kurmin yayarsa. Ya zaɓi tsofaffin mata uku, dogaye, ya ce wa ransa ai tsohuwar mace gindinta ya yi tauri, ba ta da bambanci da namiji. Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Ya sare su, ya tsaga, ya fere. Da ya ga farin jikinsu zai tona masa asiri, sai ya kai su tsohuwar marina ya tsoma cikin dagwalon baba, suka fito baƙi ƙirin. Magina suka karɓa suna murna, aka haɗe rufi, aka shafe da makuba, aka kafa indararo. Kwana biyu bayan nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba.

Ranar da aka buɗe soron, mutane suka riƙa shiga suna ɗaga kai suna salati. Wasu suka ƙi shiga, wai ba su yarda da rufin da ba ya tsaye a kan komai ba. Sarki ya naɗa Anaruwa Sarkin Magina, ya ba shi wurin zama a cikin soron, daura da shi. Maroƙa suka ƙara masa kirari: "Gwani mai ɗaure laka da igiya, ka hana azzalumi maɓoya!"

Da yamma ya koma gida da sabon rawani, ya tarar da Tarana zaune a ƙofa. Ta riga ta ga kututture uku. Ba ta yi masa barka ba.

"Auta, ina ka kai su?"

Ya kawar da kai.

"Suna sama?"

"Suna sama, Yaya."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Waɗannan ukun su suka ciyar da mu shekarar da muka zo, kai ba ka tuna ba, ni na tuna. Cikinsu taushi ne, don ciyarwa aka yi su. Za su ɗauki kayan da ka ɗora musu don ba su iya ƙi ba, amma ba har abada ba. Ka je ka faɗa wa Sarki."

"Yau aka naɗa ni," in ji shi.

"Na gani," in ji ta. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta tona shi ba, domin ƙanenta ne. Amma daga ranar ba ta taɓa sa ƙafarta cikin soron ba, sai dai ta zauna a bakin ƙofar fada da ƙwaryar murucinta.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu, wata rana tsaka ana cikin shari'a, Anaruwa ya ji tim! a tsakiyar soro, ƙarar da ɗan giginya ke yi in ya nuna ya faɗo ƙasa. Ya zabura ya duba, babu komai a daɓe. Babu wanda ya juya. Bayan ɗan lokaci ya sake ji, sannan ya ji na uku. Sai ƙanshin nunanniyar giginya ya cika masa hanci, a cikin ɗakin da babu itace ko ɗaya kusa da shi.

Tun daga nan abin bai bar shi ba. Kullum rana ta take tsaka, sau uku, ba ƙari ba ragi. Ya daina cin abincin rana. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Kowane rani sai ya sa a kafa masa tsani, ya hau da kansa, ya hana kowa binsa, ya lalubi tsakiyar rufin ya cike 'yan tsagogin da suka fito, ya shafe. Sarki yana yaba masa, yana cewa ga tsoho mai kishin aikinsa. Shi kuwa yana zaune daura da Sarki yana jin ana yanke wa mai algus hukunci, da mai tauye mudu, da mai shaidar zur, a ƙarƙashin rufin da shi ya san abin da ke ciki. Ni dai ina jin tausayinsa, ko da yake kakana ba ya ji. Yakan ce tsoro ne ya sa shi sara, amma son rawani ne ya sa shi shiru.

Sau da yawa ya yi niyyar faɗa. Sau ɗaya har ya bi Malam Sambo gida, wanda a lokacin idanunsa sun tafi. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da ya ɓoye aibi a cikin aikinsa, aikin kuwa bai cuci kowa ba tukuna, mene ne hukuncinsa?"

Malam ya ce, "Wannan tukuna ɗin da ka faɗa, a hannun wa take?"

Anaruwa ya yi godiya ya tashi.

A shekara ta biyar wasu suka fara ji. Wani dogari ya tambayi ɗan'uwansa wa ke jifa a kan soro. Masu shara suka ce suna jin ƙanshin giginya in sun shiga. Fadawa suka ce ai aljanun kurmi ne ke kawo wa Sarki gaisuwa, aka yi dariya, aka bar maganar. Mutum ɗaya ne ba ya dariya, sai kuma tsohuwar da ke bakin ƙofa.

A shekara ta bakwai aka yi marka, kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba. Ranar da ya tsagaita ta zo daidai da ranar da Sarki ya sa za a raba gardamar iyaka tsakanin unguwanni biyu. Soro ya cika maƙil, dattawa da masu shaida da 'yan kallo, har da mata masu goyo a bayan taro. Anaruwa yana wurin zamansa. Rana ta take tsaka. Sai ya ga wani ɗan gari, fari-fari kamar tsaki, yana zubowa siriri daga tsakiyar rufi, yana sauka a kafaɗar Sarki. Magini ya san garin nan. Shi ne abin da ke fitowa in cikin itace ya gama ruɓewa.

Ya dubi ƙofa, guda ɗaya ce, kuma shi ya yi ta ƙunci da gangan don a riƙa shiga da ladabi. Ya dubi jama'a. Yana iya tashi a hankali ya ce zai kewaya, babu mai hana Sarkin Magina fita. In rufi ya faɗi za a ce marka ce, a ce ƙaddara, asirinsa ya binne tare da su. Kakana ya ce har Anaruwa ya ɗora hannu a gwiwa zai miƙe da wannan niyya. Allah ne ya san gaskiyar wannan.

Ya miƙe, ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki, a tsakiyar maganar wani dattijo.

"Ranka ya daɗe, a fitar da mutane. Rufin nan zai sauko."

"Me ka ce, Sarkin Magina?"

"Na ha'ince ka. Tsakiyarsa macen giginya ce, ni na sare ta, ni na rina ta baƙi. Shekara bakwai na sani. A fita, mata tukuna, kada a yi turereniya."

A daidai nan kowa ya ji tim! Wannan karon babu wanda bai ji ba. Tsaga ta buɗe a sama, laka ta fara zubowa. A jikin bango akwai wani dogon gungumen namijin giginya da Anaruwa yake jingina tsaninsa a kai in zai hau gyara. Tsohon da ya yi shekaru bai ci abincin kirki ba ya rungumo shi shi kaɗai, abin da ƙarti huɗu ke ɗauka, ya tsayar da shi ƙarƙashin tsagar. Babu lokacin haƙa masa rami, daɓen kuwa sumul yake, gindin sai zamewa yake yi. Sai ya rungume shi, ya kafa ƙafafunsa, ya tokare gindin da jikinsa. Soron da aka gina don kada a ga ginshiƙi, ga shi da ginshiƙi a tsakiya, rabinsa itace rabinsa mutum.

Jama'a suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe shi ne Malam Sambo, Sarki da kansa ya riƙo hannunsa. Da suka kai bakin ƙofa aka ji tim! na biyu.

Sarki ya juyo ya ce, "Saki ka fito, Anaruwa!"

"In na saki ba zan kai ƙofa ba, ranka ya daɗe. Na gina shi, na san saurinsa. Abu ɗaya nake roƙo. Nan ɗakin shari'a ne, ga ni a tsakiya, ba abin da ya kare ni. A yanke mini hukunci kafin ya sauko, kada in tafi da shi."

Sarki Ilyasu ya tsaya a dokin ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Haƙƙina na yafe. Amma ba ni kaɗai na zauna a ƙarƙashinsa ba." Ya juya ga jama'a. Wata mai goyo ta ce ta yafe, sai muryoyi suka biyo baya har bakin ganuwar fada.

Anaruwa ya ce, "Saura Yaya."

Aka buɗa mata hanya. Tarana ta taso daga wurin ƙwaryarta, ta dogara sanda har bakin ƙofa, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ba ta shiga ba. Ta hango ƙanenta cikin ƙura, rungume da gungumen.

"Auta," in ji ta, "nawa na yafe maka tun ranar da ka dawo da rawani. Na ukun nan da ka sare kuwa, ban da ikon yafewa."

"Na sani, Yaya. Ja da baya."

Dogarai suka janye ta. Aka ji na uku, rufin ya sauko gaba ɗaya.

Babu wanda ya rasu ranar sai shi. Da aka tono shi, hannuwansa na rungume da gungumen, sai da aka yi da gaske aka raba su. Tarana ba ta ƙara shekara ba a bayansa.

Magina da suka koyi aiki a hannunsa suka sake gina soron da rani, da azarar da aka ɗauko daga ƙetaren kogi, kuma shi ne ya tsaya. Daga Rugumi aka riƙa kiransu garuruwa suna yi wa sarakuna bakan gizo, aka zo ana ƙara ado da zane da zankaye, kowane zamani da nasa. Amma Sarki Ilyasu ya kafa wa maginan garinsa ƙa'ida biyu da har yau ba su sake ba. Ta farko, duk bakan da aka ɗaure, a bar faɗin tafin hannu a tsakiyarsa ba shafe, a kankare azarar har cikinta, kowa ya ɗaga kai ya ga baƙinta na gaske ne. Wannan ɗan wurin suna kiransa shaidar Anaruwa. Baƙi kan ɗauka mantuwa ce ta mai shafe, har su nuna masa. Ta biyu, in an gama sabon soro, babu mai shiga sai an yi ruwan farko mai ƙarfi, kuma wanda ya jagoranci ginin shi zai zauna a tsakiyarsa shi kaɗai, daga farawar ruwan har ɗaukewarsa.

Kakana ya yi wannan zama sau tara a rayuwarsa. Na taɓa tambayarsa ko yana tsoron rufin ya faɗo masa. Ya harare ni, ya ce shi ya san abin da ya sa a ciki, rufinsa ba ya faɗuwa. Sannan ya ce amma duk da haka, in ruwan ya kai rana tsaka, yakan sami kansa ya kasa kunne.